Na Kai ma Kawu Wutarshi Cikin Buhu

"Kwance shi."

"Ranka shi daɗe, ƙanƙara ce."

"Na ji. Kwance shi."

Hantsi ya yi, ga ni tsaye ƙetaren iyaka wajen Illela ta Najeriya, buhun algarara gabana shina ɗigar da ruwa cikin rairai, ma'aikacin kan iyaka na zungurar shi da ƙarhe. Lokacin an hana shiga da kajin nan na turawa masu sanyi. Shi ko ya ga buhu mai nauyi mai zuhwa, ya tabbata ya kama kaji. Ni abin da ke raina guda ne: dut ɗaurin da anka kwance iska mai zahi za ta shiga, ga hanyar Yawuri ko hwara ta ban yi ba.

Nik kwance buhu, nit ture ƙaiƙayi, nib buɗe leda. Yas sunkuya yad duba, sai yan nuna da ƙarhen.

"Wanga baƙin abu da ke tsakiya hwa?"

"Tsamiya ce."

"Tsamiya. Cikin ƙanƙara. Za ka ina?"

"Yawuri."

Yaj juya yak kira abokin aikinshi. "Zo ka ga wani. Ƙanƙara zai kai Yawuri. Ga kogi, ga dam, shi kuwa daga Kwanni zai kai musu ruwa."

To bari in tsaya nan, don ku 'yan tashar kabu-kabu ta bakin kasuwa ni ke ma wanga rubutu. Tun da nid dawo kun hana ni sakat, kowa yaz zo sai "Lawali ba mu labari", na hwaɗi har bakina ya gaji, kuma kowa na ƙara nashi gishiri in ya tahi. Jiya na ji an ce wai jirgin ruwa nih hau da ita. To ga shi nan yadda ya hwaru, wanda ya iya karatu shi karanta ma sauran.

Kun san Inna Tsahara, mahaihiyata. Kwanjilatar biyu gare ta cikin zaure, injin daskarar da ƙanƙara, da azumi tun la'asar layi har bakin titi, rabin masu layin kuwa daga ƙetare suke, su sari ƙanƙara su kai kasuwarsu tunda su ba su da wuta. Abin da ba ku sani ba, Inna ba 'yar Kwanni ba ce. Ƙasar Yawuri anka haihe ta, aure ya kawo ta nan. Ƙauyensu na asali ma shina ƙarƙashin ruwa tun tana ƙarama, lokacin da anka tare kogi a Kainji anka tada su zuwa tudu. Wa guda gare ta da yar rage duniya, Kawu Manu.

Bikin yayata Hadiza yaz zo Kwanni. Ana zahi, Inna tak kawo mai tsamiya mai sanyi cikin moɗa. Yak kai baki ke nan, sai wani mai surutu cikin maƙwabta yac ce, "Ai kuran ɗin nan, wutar da tas sanyaya ta, daga wajenku shika zuwa." Kawu ya aje moɗa.

"Wato ruwan da yac ci gonar ubanmu shi ne yaz zama wuta, taw wuce bisa kaina ina cikin duhu, taz zo nan tana yi maki ƙanƙara?"

"Yaya, ba sata muke ba. Dut wata sai na biya, in na yi latti su yanke."

"Ɓarayin wuta," yac ce. Inna tam mai da mai, shi ma yam mai da. Kun san su biyun ba mai ragawa. Ƙarshe yar rantse gaban mutane ba shi ƙara shan ruwanta mai sanyi, yaɗ ɗauki jakarshi tun ba a kai amarya ba. Shekaru sunka wuce, gaisuwa sai dai ta bakin direbobi.

Cikin azumin nan wani direba yak kawo labari Kawu na kwance, ƙirji da zazzaɓi, har an hwara kiran dangi. Inna ba ta yi kuka gabanmu ba. Tat tashi taj jiƙa tsamiya, tad daka citta da kanunhwari yadda uwarsu ke yi musu suna yara, tas sa cikin kwano tad daskare. Sannan tay yanke bakin jarka, tas sa dunƙulen tsakiya, tac cika da ruwa, tar rufe cikin kwanjilatar guda tah hana a buɗe. Kwanaki, kuma cikin azumi, masu saye na ta masihwa. Rana guda kuran yaɗ ɗauke tun sahe, wai wata waya ta hwaɗi can Najeriya. Inna tah hau bisa murhin taz zauna da tazbaharta har yad dawo, don kar wani ya manta ya ɗaga.

Ran tahiya tan naɗe shi da leda, tac cusa cikin ƙaiƙayin geron da mutanenmu na Tajaye sunka aiko, buhu cikin buhu. Gwiwoyinta ba su iya doguwar mota, shi yas sa tad dube ni.

"Kai da ba ka iya zama wuri guda, lakwal ta boko ta kasa riƙe ka, gareji ya kasa, to yau ga tahiya mai dalili. Ka ce mai ga wutarshi nan na maido. Kar ka ƙara kome bisa."

"In ta narke hwa?"

"Hwarin shi narke, riga ce. Na tsakiyar shi ne saƙo. In shi yan narke, to ka juyo daga inda kake."

Shi ke nan dalilin da yas sa gabana ke hwaɗuwa gaban mai ƙarhe. Nib ba shi labarin a gurguje. Yay yi dariya har hularshi ta karkace, amma yac ce aiki aiki ne, sai ya hwasa gehe ya ga ba wani abu aka ɓoye ba. Yad doki kusurwa, wani yanki kamar tahin hannu yah hita. Yal leƙa, yas sansana, yac ce in ɗaure. Yankin kuwa yar riƙe shi shina juyawa.

"Wanga ai ba shi komawa."

"Ka sha ruwa da shi, ranka shi daɗe."

"Kahin magariba ya zama tarihi," yac ce, amma na ga ya tura shi cikin hwilas. "Ka gai da Kawun. Ka ce mai mu ma nan da tocila muke aiki."

Daga Illela zuwa Sakkwato ba wani abu, illa hwaɗa da yaran tasha da sunka so ɗaure man buhu bisa rufin mota cikin rana. Nic ce sai dai a ɗaure ni can. Nis sa shi ƙarƙashin ƙahwahuna, gwiwoyina har haɓa.

Sakkwato abin da zai hwara tarbonka ƙara ce. Kowane shago da ɗan injinshi a ƙohwa, mu gurup muke ce mai, su janareta, dut suna kuka tare, hayaƙi na shiga ido. Mai aski da nashi, mai walda da nashi, mai hoto da nashi. Nan nig gane abin da yas sa suke ganin mun ci amanarsu. Sai dai man hetur mai araha gare su, wanda mu ke bi ta daji da jarkoki muna ɗaukowa, wanga kun hi ni sani. A bakin tasha akwai masu ƙanƙara, ta inji ce, hwara tas. Raina yac ce in dai ta narke ai ga wata. Sai nit tuna ba hwarin anka aiko ni da shi ba.

Motar Yawuri tsohuwar fijo ce mai dogon baya. Direban ana ce mai Ɗan Jega, mutum ne mai baki kamar rediyo. Kusa da ni wata Hajiya Kulu, mai sarin kihi, za ta gida da kwandunanta wohi. Gaba kuma wani dattijo mai goro. Ba mu bar gari ba ruwa yat taɓa ƙahwar Hajiya.

"Kai ɗan nan, mi kaɗ ɗauko? Hitsari buhunka ke yi?"

Nib ba su labari. Kuskure na yi. Ɗan Jega yad daki sitiyari.

"Allahu akbar! Ashe ɓarawon wuta niɗ ɗauko! Kawunka ya yi gaskiya. Matata ta haihu da aci-balbal, ku kuna can kuna shan sanyi da wutarmu."

"Saye muke," nic ce. "Kamhwaninku ke saida ma namu sari, namu shi saida mana kaɗan-kaɗan. Kowane gida da kwantar mai ƙirga wuta, abin da kash sha shi za ka biya. Ka yi wasa su zo da tsani."

"Mu nan ko ba ka sha ba sai takarda ta zo," inji Hajiya. "Su dubi girman gidanka su rubuta."

"To ki ji. A saida ma baƙo, ɗan gida na duhu. Wane uba ke haka?"

Dattijo mai goro yat tohwar da tuƙa ta taga yaj juyo. Yac ce shi ya yi zaman Yamai da Gaya, kogin nan ta ƙasarmu shika bi kahin shi shigo tasu. Abin da yaj ji tun shina saurayi, manya sun zauna sun shirya: ku kar ku tare ruwa daga sama, mu kuwa mu ba ku wuta da sauƙi. "In sunka ji haushi sunka gina tasu madatsa, Ɗan Jega, mi zai juya maka injin Kainji? Bakinka?"

"Kogi na Allah ne!"

"Na Allah ne, amma ta gidansu shika biyowa."

"Su tare mana su gani," inji Ɗan Jega. "Mu rufe mai, mu ga da mi za su hau babur."

Hajiya tac ce ita dut ba ruwanta, ita kihi ne yar ragu, manyan da ubanta ke kamawa yanzu sai labari. Ba wanda yay yarda da wani. Haka munka yi ta yi har munka wuce Tambuwal, inda taya tah hwashe. Safayar da Ɗan Jega ke ta yabo tun tasha, da anka sauko da ita ba iska. Yas sa ta bisa kai yat tare wata mota yak koma baya, yab bar mu gindin wata bishiyar bedi.

Rana tana sauka, buhu na ta ɗiga. Ni dai na tsuguna kusa da shi ina kallon rairai na jiƙewa, kamar jinina ne ke zuba. Na taɓa ta waje na ji ya rage, kusurwoyin nan dut sun narke sun mulmule. Hajiya tad dube ni tad dubi buhu.

"Ba ka san ƙanƙara ba, ɗan mai ƙanƙara. Ruwan da yat taru cikin leda shi ke cin ta. Kawo."

Ita da ke kai ɗanyen kihi Sakkwato ta san abinta. Tac cire allurar ɗankwali tah huda gindin leda, tat tara kwanon shanta. Ruwa yaz zubo, garau, sanyi har kwanon na raɓa. Daidai nan Ɗan Jega yad dawo da taya, zuhwa ta jiƙa mai riga, leɓɓa sun bushe, kiran salla na tasowa daga wani ƙauye. Kowa yaz zuba ma kwano ido.

Hajiya tam miƙa ma dattijo, yak kurɓa yay yi hamdala. Sai tam miƙa ma Ɗan Jega tar riƙe gehe.

"A'a, na manta. Kai ba ka shan na sata."

"Hajiya ki ji tsoron Allah."

"Ce ɗan nan ba ɓarawo ba ne."

"Ɓarawo ne, amma mai albarka. Sake kwanon."

Yash sha, yal lumshe ido, yad daɗe bai buɗe ba. Munka sha ruwa da dabino da wani burodinsu mai laushi mai zaƙi cikin leda, in ka matse shi sai ya koma kamar ƙwallon goro. Nic ce musu namu dogo ne kamar sanda, kana iya korar akuya da shi. Dattijo yac ce ya sani, ya taɓa rasa haƙori a Gaya.

Ba mu kai Yawuri ran nan ba. Da munka kai Koko Ɗan Jega yac ce ba shi ƙarasa hanyar da duhu ba safaya, nan za a kwana. Hajiya Kulu tac ce in biyo ta gidan ƙanwarta, ba a barin ɗan mutane tasha da amana a hannu. Muna shiga tsakar gida nig ga abin da yas sa na kusa rawa: kwanjilatar, babba, hwara, ta hi ta Inna. Nir ruga nib buɗe. Zannuwan aure ne ciki, da kwanonin tangaran, da takalman salla na yara.

Matar gidan tay yi dariya har da riƙe ciki. "Kayan ɗakina ce. Tun da anka kawo ta ba ta taɓa daskarar da ko lemu ba. Amma ɓera ba shi shiga."

Dut da haka Hajiya tas sa anka kwashe zannuwan anka sa buhuna ciki, tac ce ko ba wuta ta hi iska. Anka kawo man tuwon shinkahwa da miyar kuka, kihi cikinta kamar ba saye anka yi ba. Ina cikin ci sai gari yaɗ ɗauki ihu, yara da manya, "Sun kawo! Sun kawo!" Na zabura na zaci gobara ce. Ashe wuta ce anka maido. Ku duba hwa: mu Kwanni ran da kuran yaɗ ɗauke muke ihu, su ran da yaz zo. Matar gida tar ruga taj jona kwanjilatar, tah hwara gurnani, ni ko ina ta addu'a. Ban gama wanke hannu ba taɗ ɗauke. Kowa yak koma ga abin da shike yi.

Da sahe da nid duba, ta koma kamar tulun yara, amma tsamiya na nan tsakiya da rigarta.

Daga Koko ne nih hwara lura da su, manyan turakun ƙarhe, ba irin potonmu na siminti ba, dogaye kamar su taɓa girgije, sun jeru cikin gonakin dawa suna tahiya arewa. Dattijo yac ce waɗanga Birnin Kabi za su, daga can a wuce Yamai. Tamu ta Kwanni ta wajen Katsina taka zagayowa, ta Maraɗi ta Malbaza, amma dut tukunya guda ce ake ɗiba. Nit tambaye shi mi zai hana a sauke ma ƙauyukan da ke ƙasa ko kaɗan, ga ta bisa kansu. Yac ce ta yi ƙarhi, sai an gina mata wurin rage ta, su kuwa abin da za su sha bai kai a gina ba. Ɗan Jega yac ce ƙarya ce, mugunta ce kawai. Ni dai sai nit tuna kamyon albasar Galmi, babbar motar kaya. Shina wucewa ta ƙauye cike har sama, mace na tsaye bakin hanya ba ta da ta miya, ba shi tsayawa ya saida mata ƙwaya guda, don tun daga gona an san mai kayan.

A Yelwa, babban garin Yawuri, munka rabu. Hajiya Kulu taƙ ƙara huda leda tat tsiyaye ruwan, taɗ ɗaure man da igiyar kwandonta. "Ka gai da mara lahiya. In yaƙ ƙi sha ka ce Kulu mai kihi ta ce shi tsoho ne mara kunya." Ɗan Jega kuwa har na yi nisa shina kira, "Ɓarawo! In za ka koma ka neme ni!"

Ƙauyen Kawu sai da babur. Nan ma kabu-kabu suke cewa, amma tuƙin, Allah shi kyauta. Wanda niɗ ɗauka dut ramin da yag gani sai ya gaishe shi. Da munka hwaɗa na uku nic ce tsaya. Nic ce malam sana'ata ce, koma baya ka rungume buhun nan kamar jariri. Yay yi gardama kaɗan, sannan yak koma. Da munka isa gabanshi dut ya jiƙe, yac ce bai taɓa jin daɗin aiki irin na yau ba.

Gidan Kawu na ƙarshen gari, kuma wallahi turken nan guda cikin gonarshi yat taka. In ka yi shiru kana jin wayar na zuuu kamar zuma. Matarshi, Iya Asabe, ita tat tarbe ni. Tag gane ni da goshin Inna. Kawu na kwance bisa tabarma a rumhwa, ya rame har na ji tsoro, sai idon nan da gemun.

Nid durƙusa nig gaishe shi. Yad dube ni.

"Ɗan Tsahara ne. Ta aiko ka ka ga ko na mutu?"

"Ta ce in ce maka ga wutarka nan ta maido."

Ban ƙara kome ba, yadda tac ce. Nik kwance buhu gabanshi. Abin da yar rage bai hi kwaƙwa ba, hwarin ya zama siriri, tsamiya na leƙowa ta ciki. Yat tashi bisa gwiwar hannu yad duba.

"Wagga ce? Shekara da shekaru kuna sha, wagga kunka maido?"

"Hanya ta ci saura, Kawu."

"Hanya ko Nijar?"

Iya Asabe tac ce a jiƙa mai yanzu, ai mara lahiya ba azumi bisa kanshi. Yac ce wa yag gaya mata ba shi azumi? Ashe tun asuba ya ɗauka a ɓoye, ya ƙi magani, ya ƙi kunu. Kuma ko ba azumi, ya rantse, kowa ya ji. Yaj juya mana baya.

La'asar ko ba a yi ba. Na ɗauko abin nan daga Kwanni, na tsare shi daga ƙarhe da rana da bakin Ɗan Jega, ga shi zai narke gaban mai shi. Na so in yi magana, Iya Asabe tag girgiza man kai. Tas sa dunƙulen cikin ƙwarya tar rufe da hwaihwai, tat tona jiƙaƙƙen rairan gindin randa tab binne ta har wuya. Munka zauna. Ban taɓa ganin rana mai taurin kai irin ta ran nan ba, ta tsaya bisa turken nan ta ƙi sauka. Kawu bai juyo ba, amma sau da yawa sai in ji ya ce, "Asabe, kaji na wajen randa." Ba kaza ko guda wurin.

Da anka kira salla Iya Asabe tat tono ƙwarya. Hwarin ya tahi dut. Tsamiya ta saki ta zama ruwa, sai ɗan dunƙule kamar ƙwan zabuwa na yawo a tsakiya. Ƙamshin citta da kanunhwari yat tashi. Ta aje kusa da kanshi.

Yaj juyo. Yas sansana. 

"Kanunhwari ya yi yawa," yac ce. "Tun tana yarinya haka take, hannunta ba shi da awo. Inna tamu ukku taka sawa."

Sai yam mai da ido gare ni.

"Kai, mi nic ce ran bikin? Kana wurin."

"Ka ce ba ka ƙara shan ruwanta mai sanyi."

"Ruwanta. To wanga nata ne? Ba kai kac ce maidowa tay yi ba?"

"Haka tac ce."

"To nawa ne. Asabe, kin ji, ke ce shaida. Kayana anka maido man."

Yay yi bisimilla yaɗ ɗaga ƙwarya da hannu biyu. Yash sha, yah huta, yaƙ ƙara. Ɗan dunƙulen yas sa shi cikin baki shina juya shi daga kunci zuwa kunci kamar yaro da alewa, ruwa na bin gemu, ban san ko dut tsamiya ce ba. Sannan yam miƙa ma Iya Asabe sauran, yac ce a kawo maganin nan da kunu, kuma a yanka ma ɗan Tsahara zakara, kar shi je ya ce an bar shi da yunwa a Najeriya.

Muna cin abinci da 'yar hitilar ƙwai, waya na zuuu bisa kanmu, yab ba ni saƙonshi, yas sa nim maimaita har ya tabbata ban rage ba.

Washegari nik koma Yelwa. Wayata ta salula ba rezo, wato sabis, batir ma ya mutu. Akwai wani mai tebur ƙarƙashin lema da ɗan janareta, shina cajin wayoyin gari dut, shi yab ba ni tashi. Nit tura ma ƙanwata Rabi don ta karanta ma Inna. Ku da ke ta tambaya mi yas sa Inna tar rufe zaure bayan salla, tah hau motar Sakkwato da gwiwoyin nan nata da jarka biyu cikin ƙaiƙayi, to ga abin da nir rubuta:

"Rabi ki gaya ma Inna ta kai. Ya sha. Ya ci tuwo. Ya ce kanunhwari ya yi yawa. Ya ce wadda anka maido ba ta kai ko ta kwana guda ba, sauran ta kawo da kanta, ba shi karɓa hannun yaro. Ya ce ta yi sauri shi ba shi da kwanjilatar da zai jira ciki."